Jagoran Zaɓen Mota Mai Ƙarfi, Mai Farfela, ga Mai Tuƙi a Ƙasar Dakoro

Hirar mota ba ta ƙarewa a bakin tasha da majalisun shayi na Dakoro. A da, gardamar tsakanin Fijo ce da Marsandi. Yau wayar hannu ta shigo da wasu sunaye: Mustang, Charger, Challenger, Camaro, motocin Amurka masu ƙaton inji da rugugi, waɗanda ake ganin ɗaiɗaikunsu a titunan Yamai da Kano da Abuja. Wanda Allah ya hore masa, ko ta kasuwar bisashe ko ta fataucin wake da gero, yana iya jin ransa ya biya. Sha'awar mota mai ƙarfi ba laifi ba ce. Inda ake yin asara shi ne a saye ta don kyan jiki da daɗin ƙara, ba a tambayi hanyar da za ta bi ba, da man da za ta sha, da makaniken da zai taɓa ta, da hannun da zai riƙe sitiyarinta. Waɗannan huɗu su ne ma'aunin zaɓe a ƙasarmu, kuma kowannensu ya fi adadin dawakin da aka rubuta a takarda nauyi.

Wace irin mota ce wannan?

Asalin tsarin mai sauƙi ne: a ɗauki mota matsakaiciya, a ɗora mata babban inji mai silinda takwas a gaba, a bi da ƙarfin ta farfela zuwa ƙafafun baya. A 1964 kamfanin Pontiac ya fito da GTO a kan wannan tsari, a shekarar ce kuma Ford ya fito da Mustang. Chevrolet ya biyo da Camaro a 1966, Dodge ya kawo Challenger a ƙarshen 1969. Tsadar mai ta 1973 da dokokin hayaƙi suka karya kasuwar na tsawon lokaci. Ta sake farfaɗowa da sabuwar Mustang ta 2005, Charger ta 2006, Challenger ta 2008 da Camaro ta 2010. A ƙarshen 2023 aka daina ƙera Challenger da tsohuwar Charger, Camaro ma ta tsaya a daidai wannan lokaci. Mustang ce ta ci gaba. Ma'anar wannan ga mai saye a Maraɗi ita ce kusan duk wadda zai samu ta hannu ce, wani ya riga ya more ta, kuma masu sayen irin waɗannan motoci ba su cika tausaya musu ba.

Mota mai farfela ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda ta ci gasar Safari ta Kenya a wannan shekara, da ƙafafun baya take turawa. Haka Marsandi 190, haka Hiace, haka Hilux idan ba a sa mata giyar ƙafa huɗu ba. Amfanin tsarin a bayyane yake. Idan ka taka totur, nauyin mota yana komawa baya, ya danne tayoyin da ke turawa, su kama ƙasa da kyau. Tayoyin gaba kuwa aikinsu juya mota kawai, shi ya sa sitiyari yake da daɗin hannu a kwana. Illarsa ita ma a bayyane take. Idan ƙarfin ya fi abin da tayar baya za ta iya riƙewa, sai bayan motar ya zame gefe, kanta ya juya ya kalli inda ta fito. Fijo 504 ta gama-gari ba ta kai ƙarfin dawaki 100 ba. Motocin da muke magana a kansu suna da ninki huɗu ko biyar na wannan.

Fara da hanya

Kafin ka kalli hoton mota ko ɗaya, zauna ka lissafa inda kake zuwa a cikin wata. Daga Dakoro zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne, kwalta ta bi ta Kornaka ta haɗu da babbar hanyar ƙasa kusa da Tsibiri. Daga can kana iya yin yamma zuwa Ƙonni da Yamai, ko gabas zuwa Damagaram, ko kudu ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Wannan ita ce duniyar mota mai ƙasa-ƙasa. Da zarar ka sauka daga kwalta, ka nufi ƙauyukan kwarin Tarka, ko rugagen wajen Bermo da Gadabeji, ko gonarka da ke bayan tudun rairayi, ka shiga duniyar Hilux da Land Cruiser.

Dalilin yana ƙarƙashin mota. Tsakanin cikin Mustang ko Challenger da ƙasa bai kai santimita 15 ba, alhali na Hilux ya haura 20. Hanyar rairayi tana da kwari biyu inda tayoyi ke bi, da tudu a tsakiya. Mota mai ƙasa-ƙasa tana hawa wannan tudun da cikinta, tayoyin su rataye suna juyawa a banza. Ƙarfin inji ba ya fitar da ita, sai dai ya ƙara haƙa mata rami. A kan burji mai gargada kuma, shokozoba mai tauri da aka yi don santsin titi tana jijjiga komai har kusoshi su kwance. Ko a cikin gari, tudun rage gudu da aka yi da tsayi da kwatamin damina sun isa su fasa kaskon baƙin mai ko su tsinke salansa.

Saboda haka hukuncin farko shi ne: idan mota ɗaya za ka mallaka, kuma rabin tafiyarka a wajen kwalta take, ka bar wannan sha'awa tukuna. Idan kana da motar daji, kana neman ta biyu don doguwar kwalta, ci gaba da karatu.

Wace za ka ɗauka?

Dodge Charger ita ce mai ƙofa huɗu, mai wurin zaman iyali da babban but. Ƙanwarta Challenger ƙofa biyu gare ta amma ƙashinsu ɗaya, kuma ta fi sauran masu ƙofa biyu faɗin ciki. Dukansu suna da nauyi, sun kusa tan biyu, don haka sun fi daɗi a miƙaƙƙiyar hanya, ba su da saurin juyi a kwana. Injinansu hawa-hawa ne. Akwai mai silinda shida, lita 3.6, mai ƙarfin dawaki kusan 300. Akwai Hemi mai lita 5.7 da ke ba da kimanin 370. Akwai mai lita 6.4 da ke ba da 485. A sama da su akwai Hellcat da ta fito a 2015 da dawaki 707.

Ford Mustang ta fi su sauƙin nauyi da kusan kilo 200, ta fi su jin sitiyari. Mai alamar GT tana da inji mai lita 5.0, wanda ya ba da dawaki 435 a ƙirar 2015, ya kai 460 a ta 2018. Akwai kuma mai silinda huɗu da turbo, lita 2.3, mai dawaki 310. Ka lura da shekarar 2015. Kafin ta, ƙafafun bayan yawancin Mustang a kan sandar aksul ɗaya suke, idan ɗaya ta faɗa rami sai ɗayar ta ji. Daga 2015 kowace ƙafa ta samu ƴancin kanta, motar ta fi natsuwa a kan kwaltar da ta sha faci.

Chevrolet Camaro SS daga 2016 tana da lita 6.2 da dawaki 455, kuma a kwana ta fi sauran kama ƙasa. Amma tagoginta ƙanana ne, direba yana zaune can ƙasa, ba ya ganin gefe da baya sosai. A garin da amalanke da ɗan kabu-kabu da yaro mai tallar ruwa ke fitowa ta kowace kusurwa, wannan babban aibi ne.

Shawarata ga mai zama a Dakoro ita ce Charger mai silinda shida ko mai Hemi 5.7, ko Mustang daga 2015 zuwa sama. Hellcat da ire-irenta an yi su ne don fagen tseren mita 402 da ake rufewa a share, a ajiye motar asibiti a gefe. Babu wani yanki na hanyar Kornaka da zai karɓi dawaki 707. Idan ka ci karo da Charger da ƴan sandan Amurka suka yi aiki da ita, tana da ƙarin ƙarfin birki da na sanyaya inji, amma injinta ya yi dubban awoyi yana aiki a tsaye, abin da agogon kilomita ba ya nunawa.

Kada kuma ka raina na kusa. Marsandi C da E, da BMW ta jerin 3 da 5, da Lexus IS da GS, yawancinsu masu farfela ne, masu silinda shida a cikinsu suna da ƙarfin da ya ishi kowa, kuma kayansu sun fi samuwa a Maraɗi da Kano nesa ba kusa ba. Mutum da yawa da ke mafarkin Mustang, abin da yake nema a zahiri yana cikin Lexus GS 350.

Mai, zafi da ƙura

Mai silinda takwas tana shan kimanin lita 10 a kilomita 100 idan ana tafiya a natse a doguwar hanya, a cikin gari ta kai 15, idan ana taka ta kuwa ta wuce haka sosai. Zuwa Maraɗi da dawowa kaɗai zai ci lita 25 zuwa 30. Yi wannan lissafi da farashin lita na yau, ka ninka da yawan tafiyarka.

Ingancin man ya fi yawansa muhimmanci. Injin 6.4 da na Hellcat suna buƙatar mai mai lambar oktan 91 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da kimanin 95 a ma'aunin Turai da ake amfani da shi a ƙasashenmu. Hemi 5.7 da mai silinda shida da Mustang GT suna haƙuri da wanda bai kai haka ba, sai dai ƙarfinsu ya ɗan ragu. Idan man bai kai ba, yana kamawa da wuta kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 kuma yana ƙara tsananta abin. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a Damagaram a 2011 ake samun man gida a gidajen mai. Can za ka sha. Man ruwa-ruwa na kwalba da jarka, wanda ya kwana a rana, ƙura ta shiga, wani lokaci har da gauraye, babur yana iya haƙuri da shi, amma yana toshe nozul, ya kashe famfon mai da ke cikin tanki. Idan ka san dole wata rana za ka sha na bakin hanya, wannan ma dalili ne na guje wa manyan injinan.

Game da zafi, ka riƙe abu uku. Kada a zuba ruwan rijiya a lagireto, domin gishirinsa yana cin alminiyon yana toshe ƙananan hanyoyin ruwa. Ruwan sanyaya inji na galan shi ne daidai. Kada ka yarda a cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi, domin kwamfutar motar da zafin inji take lissafin man da za ta ba shi. Kada kuma a haɗa fanka kai-tsaye da batir don ɓoye matsala. Baƙin mai shi ma ba na kowace jarka ba ne. Hemi 5.7 na zamani yana kashe silinda huɗu idan ana tafiya a hankali don rage shan mai, kuma wannan dabara da matsin baƙin mai take aiki, sai da siririn mai mai lamba 5W-20. Aka zuba mai kauri irin na tsohuwar Fijo, an jawo ciwo. Ƙurar hunturu kuwa tana cika matatar iska cikin ɗan lokaci. Ka saya guda biyu ko uku ka ajiye, ka riƙa dubawa da idonka, kada ka jira adadin kilomitan da littafin Amurka ya faɗa.

Bincike kafin biyan kuɗi

Motocin nan ta teku suke zuwa. Shekaru da yawa Kwatano ce babbar ƙofa, amma tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, hanyar Lome ta Burkina Faso ta ƙara muhimmanci, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Wasu kuma ta Kano da Katsina suke shigowa. Ko ta ina ta biyo, sai an biya mata duwan a Nijar kafin ta samu lambar ƙasa da katin mallaka, sannan inshora. Kuɗin duwan na babbar mota ba ƙarami ba ne, ka tambayi adadinsa kafin ciniki, kada ka bari sai mota ta iso.

Abu na farko da za ka nema shi ne lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Su biyun su dace da juna, su dace da takardu. Da wannan lamba ana iya sayen tarihin motar ta intanet a wurin kamfanoni irin su Carfax, sau da yawa ma ana ganin hotunanta na ranar da aka yi gwanjonta. Wannan mataki ba abin tsallakewa ba ne, domin da yawa daga motocin Amurka da ke zuwa Afirka ta Yamma daga gwanjon kamfanonin inshora suke, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Da lambar kuma za ka duba ko an canja jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka yi wa kiranye saboda tana fashewa da ɓaraguzan ƙarfe; matsalar ta shafi Mustang daga 2005 zuwa 2014 da Charger da Challenger na kusan waɗannan shekaru.

Sannan ka je da makanikenka, da sassafe, kafin kowa ya tayar da injin. Ka ɗora tafin hannunka a kan bonet ka tabbata da sanyi. Dillali zai ce maka, “Alhaji, wannan ko kwalta ba ta taka ba a ƙasar nan, tayar kawai ka ji.” Ka amsa masa da fara'a: “Na yarda, Malam, amma bari maigidan gareji ya leƙa ƙasanta tukuna, in ya so mu yi magana.” Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin wannan.

Ga abin da za ku duba. A ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera a shinshina. Warin rima, da tsatsa a kan dogon ƙarfen da kujera ke gudu a kai, da busasshen laka a ramin but, alamun ruwa ne. A Charger da Challenger da Camaro batir a but yake, a duba wayoyin wurin ko sun yi kore. A bi tsagin da ke tsakanin ƙofa da bodi da ɗan yatsa. Idan wani wuri ya fi wani faɗi, an yi gyaran haɗari. A haska tocila a kan ƙarafan shasi na gaba, a nemi walda ko lanƙwasa ko sabon fenti a inda bai kamata ba. A leƙa cikin mazaunin tayoyin baya: ɓarɓashin baƙar roba da ya manne a wurin yana nuna mai ita ya sha ƙona taya, kuma wanda ya ƙona taya ya wahalar da giya da aksul. A duba salansa ko an yanke tukunyar tace hayaƙi an sayar.

Daga nan a murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Duk fitilun dashbod su kama, har da ta inji da ta jakar iska da ta birki, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi ko aka rufe ta. A tayar, a yi shiru a saurara. A injin Hemi, ƙarar “tak-tak-tak” da ba ta ɓacewa bayan inji ya yi ɗumi tana iya zama ciwon da sai an buɗe inji. A ƙarshe a jona na'urar bincike. Duk motar Amurka tun daga 1996 tana da wurin jona ta a ƙasan sitiyari. Ka tuna kuma agogonsu da mil yake ƙirga: mil 100,000 kilomita 160,000 ne.

Taya da birki

A nan ne rai yake. Yawancin masu silinda takwas suna zuwa da rim mai inci 19 ko 20 da siririyar taya. A kan kwaltar da ke da ramuka, bugu ɗaya ya isa ya kumbura gefen taya ko ya lanƙwasa rim. Idan birkin motar ya ba da dama, rim mai inci 18 da taya mai kauri ya fi dacewa da mu. Da yawa daga Mustang da Camaro ba sa zuwa da safaya sam, sai ɗan famfo da ruwan liƙi. Kada ka bar Maraɗi ka nufi Dakoro ba tare da cikakkiyar safaya da jak ba.

A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe, kuma kwaltar bazara ba ta yi mata sassauci. Akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta jure: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Tayar gwanjo a ƙarƙashin dawaki 400 ganganci ne da rayuka. A auna iska da safe kafin a hau hanya, a sa adadin da ke rubuce a ginshiƙin ƙofa. Man birki yana shan danshi yana rage ƙarfi, a canja shi duk shekara biyu. Ka fi son ƙirar 2012 zuwa sama, domin daga wannan shekara doka ta wajabta wa motocin Amurka na'urar da ke kama mota idan ta fara zamewa.

Gwajin tuƙi

Ka tuƙa ta aƙalla rabin awa, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, da rana tsaka. Allurar zafi ta tsaya wuri ɗaya. Giya ta shiga ba tare da bugu ko jinkiri ba; mai hawa takwas da ke cikin Charger da Challenger daga 2015 tana da laushi ƙwarai, idan ka ji tana fizga akwai magana. A miƙaƙƙen wuri marar jama'a ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe. Ka taka birki da ƙarfi daga matsakaicin gudu. Kada sitiyari ya yi rawa. Kukan da ke tashi daga baya yana ƙaruwa da gudu, na aksul ne. Girgiza a ƙarƙashin kujera, ta farfela ce. Bayan an tsaya a bar ta tana aiki minti goma, a leƙa ƙasa a ga ko wani abu na ɗiga.

Wa zai gyara ta?

Makanikan Dakoro gwanaye ne a kan Toyota da Fijo, sun san su ciki da waje. Waɗannan motoci kuwa aikin kwamfuta ne da kayan da sai an yi oda. Injin Hemi fulogi 16 gare shi, biyu a kowace silinda. Ƙaramar na'ura ɗaya ta lalace, mota ta kwana wata guda tana jiran saƙo daga Kano ko Legas ko Dubai. Kafin ka saya, ka nemo garejin da ya taɓa buɗe irinta a Maraɗi ko Katsina ko Kano, ka je ka ga mai shi ido da ido, ka tambaye shi inda yake samo kaya da kwana nawa suke yi. Ka ware wani kaso mai kauri na kuɗinka don sababbin tayoyi huɗu, da canjin duk wani mai da ruwa da ke jikinta, da gyaran farko. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kan farashin saye, a ƙofar gida motarsa za ta ƙare, an lulluɓe ta da tampol.

Hannun da ke kan sitiyari

Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A 160 yana cin mita 44, kuma nisan da birki ke buƙata ya fi na farko ninki biyu da rabi. Hanyar Dakoro hanyar makiyaya ce. Garken shanu yana tsallakawa, raƙumi yana tsayawa a tsakiyar kwalta da dare, amalanken jaki ba shi da fitila, ranar Juma'a kuma jama'ar ƙauyuka suna kwararowa kasuwa. Iska tana shimfiɗa rairayi a kan kwana, ruwan farko na damina yana mai da ƙura santsi. A irin waɗannan wurare ne bayan mota mai farfela ke zamewa.

Ka koyi halinta tun kafin ranar ta zo. Ka sami fili mai faɗi, nesa da gidaje da dabbobi, da izinin masu shi, ka gwada a ƙaramin gudu. Ka'idar ita ce: rage gudu kafin kwana, kada ka taka totur sosai sai sitiyari ya miƙe. Idan baya ya zame, ka sassauta ƙafa a hankali, kada ka daki birki, ka kalli inda kake son zuwa, ka juya sitiyari ta gefen da bayan ya tafi, ka dawo da shi da zarar ta kama. Maɓallin da ke kashe na'urar hana zamewa, ka bar shi yadda yake muddin kana kan hanyar jama'a. Ka ɗaura bel, na kusa da kai ma ya ɗaura. Kada ka ba yaro makulli don ya burge abokai, kada kuma ka shigar da ita wasan mota na rakiyar amarya, inda ake juyi a tsakiyar taro. An yi jana'iza da yawa a ƙasar Hausa sanadiyyar wannan wasa.

Idan ka auna duk wannan, ka ga hanyarka kwalta ce, kana da gidan man da ka amince da shi, ka sami makanike, aljihunka zai ɗauki tayoyi da gyara, ka kuma san kana iya danne zuciyarka idan hanya ta miƙe, to ka nemi mai tsaftataccen tarihi, mai matsakaicin inji, ka biya, Allah ya sa albarka ya tsare hanya. Idan ɗaya daga ciki ya gaza, ka ƙara haƙuri ko ka sauka zuwa wadda ƙasar ta saba da ita. Kuɗin da ka riƙe yana nan, ba ya shan mai, kasuwar mota kuma ba ta watsewa.